Bitamin C da E ga masu gudun dogon zango: me kuke gani a fili?

Mai horo, Sabon Gari

Salamu alaikum jama'a. Tun da bazara ta kama, samarin Damagaram da ke gudun asuba a hanyar Mirya da ta Tanut sun koma sayen bitamin C mai narkewa a ruwa, mai miligiram 1000, suna sha kullum. Wasu har suna haɗawa da bitamin E. An gaya musu wai dogon gudu yana sa jiki tsatsa, ƙwayar kuma tana wanke tsatsar. Masu tseren keke ma sun ɗauka. Ina neman waɗanda suka san aikin su faɗa mana: a bar su ko a hana su? In an hana, me za a ba su?

Malamin motsa jiki, Birni

Amin alaikumus salam, Malam. Maganar tsatsa tana da asali, fassarar ce aka karkatar.

A cikin kowace ƙwayar tsoka akwai ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya. Nan ake ƙona sukari da kitse da iskar oksijin a samu ƙarfi. Mai gudu yana shaƙar oksijin ninki goma ko fiye na mai zaune, kuma duk murhun da aka hura sosai sai ya yi tartsatsi. Tartsatsin nan, in ya fi ƙarfin garkuwar jiki, yana taɓa kitsen bangon ƙwaya da furotin ɗinta. Wannan rinjayen shi ake nufi da tsatsar jiki.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne tartsatsin saƙo ne. Shi ke gaya wa tsoka ta ƙara yawan murahu, ta kuma ƙera garkuwarta ta cikin gida, wato sinadaran SOD da katalas da gulutatiyon. Shi ya sa wanda ya yi wata uku yana atisaye ya fi sabon shiga jure wahala. In ka kashe tartsatsin da ƙwaya mai ƙarfi kullum, saƙon yana isa da rauni.

An gwada wannan. A 2009 a Jamus, ƙungiyar Michael Ristow ta ba samari miligiram 1000 na C da ma'auni 400 na E kullum, mako huɗu suna atisaye. Waɗanda suka sha ba su samu gyaruwar aikin insulin (sinadarin da ke daidaita sukarin jini) da ƙaruwar garkuwar cikin gida da sauran suka samu ba. A 2014 a Oslo ta Norwe, Paulsen da abokan aikinsa suka bi mutum 54 na mako 11, da miligiram 1000 na C da 235 na E. Gudun kowa ya ƙaru daidai, amma alamomin ƙaruwar murahu a tsoka sun tashi ne kawai ga waɗanda aka ba ƙwayar banza, wadda ba bitamin a cikinta. Ke nan ƙwayar ba ta ƙara wa kowa gudu ba, kuma ta rage abin da tsoka ke ginawa. A watannin gina jiki ni dai na ce a hana.

Mai ilimin abinci, Zango

Na gode, Malam. Bari in sauko da maganar kasuwa, don hani ba madadi ba ya tasiri ga matashi.

Babban namiji yana buƙatar miligiram 90 na C a yini, mace 75. Ko an ninka don wahalar gudu, 200 ta wadatar, kuma daga nan jini ya kusa ƙoshi, rarar fitsari take bi. Gwaba ɗaya madaidaiciya ta wuce 100. Lemun zaƙi ɗaya kusan 70. Jan tattasai ɗanye giram 100 ya haura 120. Mangwaro babba ɗaya ya kusa biyan buƙatar yini, ga sinadarin karotin a kai. Garin ƴaƴan kuka, farin nan mai tsami, cokali biyu a cikin kunu ko nono yana ba da rabo mai kyau, kuma shi ne mai ceton mu a watannin da ɗanyen kaya ya yi tsada.

A bi lokaci: gwaba daga kaka zuwa farkon hunturu, tumatir, karas, kabeji da tattasai na lambunan Mirya da Matamai a hunturu, mangwaro a bazara, ɗanyen zogale da rama da damina. Zoɓo, tsamiya da kuka suna nan duk shekara a Kasuwar Dole.

Inda asarar take shi ne a tukunya. Bitamin C ba ya son zafi, yana narkewa a ruwa, kuma kanwa tana kashe shi. Ganyen da aka dafa da kanwa na dogon lokaci, aka zubar da ruwan, ya rasa mafi yawansa. Busasshen zogale da kuka ta miya suna riƙe sinadarin ƙarfe mai gina jini da kalsiyom, amma C ɗinsu ya tafi da rana. Don haka a kwaɗo, ɗanyen tumatir da albasa da tattasai da matsin lemun tsami su shiga bayan ganyen ya huce. Garin ƴaƴan kuka ma a zuba bayan an sauke kunu, kada ya tafasa.

Bitamin E kuwa miligiram 15 ake so a yini. Gyaɗa cikin hannu tana ba da kusan biyu da rabi, cokalin man gyaɗa kusan biyu, sauran daga ƙuli-ƙuli, ganye da manja. Mai cin waɗannan da wuya ya rasa.

Mai tseren keke, Garin Malam

Hajiya ta gama da kasuwa. Ƙari ɗaya: yawancin abin da yara ke kira tsatsa yunwa ce da ƙishi. Fita ta wuce awa ɗaya da rabi da ciki wayam, sukarin tsoka ya ƙare, ƙafa ta mutu, washegari jiki ya yi nauyi, sai a ɗora wa rashin bitamin.

A hanya ana son giram 30 zuwa 60 na sukari kowace awa. Dabino shida zuwa takwas sun biya. Ruwan gora kuwa: lita ɗaya na zoɓo marar kauri, sukari cokali huɗu, gishiri kwatan ƙaramin cokali. In sukarin ya zarce haka ciki yana murɗawa a kan keke. A auna nauyi kafin fita da bayan dawowa. Kowane kilo da ya ragu a mayar da lita ɗaya da rabi a hankali cikin sa'o'i. Wanda ya zubar da fiye da kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa bai sha isasshe a hanya ba. A Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40, a gama kafin ƙarfe takwas na safe. Bayan dawowa fura da nono da ɗan ƙosai ko ƙwai sun haɗa sitaci da furotin da ruwa a ƙwarya guda.

Ma'aikacin lafiya, Kara-Kara

Ƴan uwa, akwai gefen da ya fi damuna. Rarar bitamin C jiki yana juya wani kashinta zuwa okzalat, wanda shi ne asalin yawancin tsakuwar ƙoda. Binciken da aka fitar a Suwidin a 2013 ya nuna mazan da ke shan ƙwayar C a kai a kai sun ninka haɗarin tsakuwa kusan sau biyu. Suwidin ƙasar sanyi ce. Ku auna mai gudu a zafin Damagaram, yana zufa lita ɗaya zuwa biyu a awa, a garin da ruwa ke wuya, fitsarinsa kaɗan kuma ja. Iyakar da aka sa wa babba ita ce miligiram 2000 a yini, kuma tun kafin nan wasu ke fara gudawa.

Gaskiya kuma a faɗe ta duka: akwai inda ƙwayar ta yi amfani. A tseren Comrades na Afirka ta Kudu, mai kusan kilomita 90, an ba masu gudu miligiram 600 kullum na kwana 21 kafin tsere. A rahoton 1993, kashi 33 cikin ɗari na waɗanda suka sha ne suka yi mura bayan tseren, a kan kashi 68 na waɗanda ba su sha ba. To wannan na ɗan lokaci ne, gab da babbar gasa. Mai saurin mura a hunturu yana iya shan miligiram 250 zuwa 500 a yini na mako biyu ko uku kafin gasa, ya tsaya. Mai tarihin tsakuwa ko ciwon ƙoda kada ya fara sai likita ya gan shi.

Sannan don Allah a raba yara da diklofenak da ibuprofen kafin gudu. A zafi da ƙishi suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Tramol ma hukumar WADA, mai hana shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi a wasannin duniya, ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024. Duk wanda fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye, da ciwon tsoka mai tsanani, asibiti za a kai shi a ranar, tsoka ce ke narkewa.

Mai horar da ƴan mata, Birni

Ranku ya daɗe, ba a taɓo ƙarfe ba, kuma a wajen ƴan mata shi ne kan gaba. Yarinyar da gudunta ke ja baya, tana haki da wuri, cikin idonta fari, a auna jininta tukuna: in awon himoglobin, wato jan sinadarin jini, ya yi ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 13 ga namiji, ƙarancin jini ne, a duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki. A nan C na abinci yake da babban aiki, don lemun tsami ko ɗanyen tumatir a kan wake da gero yana ƙara yawan ƙarfen da hanji ke ɗauka. Shayin fada yana yin akasin haka, a jinkirta shi awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci. Kuma kada a ba kowa ƙwayar ƙarfe ba awo, rarar ƙarfe ita kanta tana hura tsatsar da ake gudu.

Mai horo, Sabon Gari

Allah ya saka da alheri. Hajiya, saura tambaya ɗaya: da azumi yaya za a raba wannan, tun da atisayen yana komawa bayan la'asar ko bayan tarawihi?

Mai ilimin abinci, Zango

Atisaye mai nauyi a kai shi awa biyu bayan buɗa baki, Malam. Na la'asar ya zama sassauƙa, kada ya wuce minti 40, kuma ya ƙare gab da magariba. A buɗe da dabino da ruwa da kunun tsamiya. Ɗanyen kayan lambu da lemu ko mangwaro su zo da abincin dare. Da sahur fura da nono, gyaɗa cikin hannu, cokali biyu na garin ƴaƴan kuka. Ruwa a riƙa kurɓa kofi-kofi daga magariba zuwa asuba, har fitsarin asuba ya yi haske.