Yaya zan sa zare (thread, wato layin aiki guda a cikin furogiram) ya jira ɗan'uwansa sakan 5 kawai a Python?

Tambaya:
Salam 'yan uwa, ina da furogiram a Python, na buɗe zare na biyu yana ɗauko bayanai daga intanet, babban zaren yana jiransa da join() amma in netwok ya yi rauni sai komai ya daskare, don Allah yaya zan sa masa iyaka?

Amsa:
Wa'alaikumussalam malam. Ka rubuta t.join(5), t ɗin shi ne zaren naka na biyu, 5 ɗin kuma sakan 5 kenan. Amma fa kullum None (wato ba komai) yake dawo maka da shi, ko ya gama ko bai gama ba, sai ka bi shi da t.is_alive(), in ka ga True to lokaci ne ya ƙare, aikin na nan yana tafiya.

Amsa:
Gaskiya ne, kuma join ba ya kashe zaren, jiran kawai ka daina. Sa masa daemon=True (wato zaren da furogiram ba ya jiransa kafin ya rufe) in ba haka ba furogiram ɗin zai ƙi rufuwa. Ni dai da ni ne a kan requests ɗin (abin da ke ɗauko bayanan daga intanet) zan sa timeout, wato iyakar lokacin jira, tun farko.

Amsa:
Masu Java a kula, can milisakan ne, join(5000), kuma join(0) jira ne har abada.

Mai tambaya:
Ya yi aiki wallahi, Allah ya saka.