Burkutu tana da lokacinta, ko duk shekara ɗaya take?

Bitrus: Barkanmu da yamma jama'a. Tunda zancen jar dawa ya taso jiya a zauren nan, bari in faɗi abin da ke raina, wanda bai yarda ba ya zo mu buga. Mu ba mu da giyar lokaci. Shekara shida ke nan ina birnin Munik na Jamus, kuma a nan kowane yanayi da irin tasa. Da azumin Kirista akwai wata baƙa mai kauri, Salvator, wadda 'yan zuhudun Paulaner suka fara dafawa. Ƙarshen Satumba sai bikin Oktoberfest, wanda aka soma tun 1810, kuma madafa shida na cikin gari kaɗai ke da izinin sayarwa a filin. Giyar bikin asalinta ta watan Maris ce, domin a 1553 an hana dafa giya a Babariya, yankin da Munik take, daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, saboda zafi na lalata ta. Sai su dafa mai ƙarfi a Maris, su ɓoye ta a ramuka masu sanyi har kaka. Mu kuwa burkutun Janairu ita ce ta Agusta. Mata su dafa, a shanye ran kasuwa, a sake ɗorawa.

Talatu: Yaya Bitrus, ka daɗe ba ka zauna gindin tukunya ba. Innata ta yi shekara talatin tana dafawa a ƙauyenmu wajen Pankshin, ni ce mai yayyafa wa tsiro ruwa tun ina 'yar ƙarama. Wallahi ko an rufe mata ido, ta kurɓa sau ɗaya za ta gaya maka ko ta kaka ce ko ta tsakiyar damina. Sabuwar dawa idan aka jiƙa ta, kusan kowace ƙwaya sai ta tsiro, ruwan ya yi zaƙi tun kafin ya yi tsami. Wadda ta kwana wata takwas a rumbu, ƙwari sun huda rabinta, tsironta tsilli-tsilli, giyar ta fito salam. Ga shanya kuma. Da hunturu kwana biyu tsiro ya bushe ƙayau. Da damina sai ka yi ta kwashewa kana mayarwa, in ka yi sakaci ya yi funfuna, warin ya bi ka har cikin ƙwarya.

Bitrus: Ƙanwata, wannan ai bambancin kyau da rashin kyau ne. Ni ina maganar iri daban da aka shirya da gangan, mai sunansa, mutane na ɗokin zuwan watansa.

Talatu: To ta Kirsimeti fa? Inna takan ware jar dawa mafi kyau tun daga sussuka, ba ta sa mata garin rogo kamar yadda wasu ke yi don ƙarin auki, ta kuma tafasa ta fiye da ta kullum har ta yi duhu. Mutane daga ƙauyuka uku suke zuwa dominta. Don ba a liƙa mata takarda mai suna ba sai ka ce babu ita?

Malam Sani: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, an buɗe zauren nan don noman dawa da kasuwarta, kuma da yawanmu Musulmi ne. Ba zan yi shiru ba. A wurinmu giya haramun ce, ta kwalba ce ko ta ƙwarya, ta Maris ce ko ta kaka. Aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta rufe zancen, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ban ce kowa ya bar addininsa ba. Amma yadda ake yabon ɗanɗano a nan, akwai yara matasa da ke karantawa. Ni na ga magidanci ya sayar da dawar da iyalinsa za su ci a Agusta don ya zauna a mashaya.

Talatu: Malam, ban musa maka wannan ba, kuma ban ji haushi ba. Kawuna ƙanin Inna haka ta cinye shi, gona ta tafi, lafiya ta tafi. Ita kanta Inna in ta ga mutum ya fara layi sai ta kife ludayi, ko da kuɗinsa a hannu. Ni abin da ya dame ni a ce aikin da ta yi ta biya mana makaranta da shi ba shi da ilimi a ciki.

Hajiya Rabi: Malam Sani ya faɗi gaskiya, ni ma ba na sha, ba na sayarwa. Sai dai maganar tsiro da Talatu ta kawo ta shafe ni, don da tsiro nake kunun zaƙi. Abin da ta ce haka yake. Na bazara in ya kai la'asar ya fara juyawa, na hunturu yakan kwana lafiya. Shi ya sa da zafi nake dama kaɗan-kaɗan, don kada ya kai inda zai zama abin da ba ya halatta.

Yohanna: Ina neman afuwar Malam, zan taɓa ɓangaren kimiyyar kawai, don shi na karanta. Bitrus, misalinka ne ma ya kayar da kai. Me ya sa aka yi dokar 1553? Babu na'urar sanyaya. Da Carl von Linde ya kawo injin sanyi a shekarun 1870, kuma madafar Spaten ta nan Munik ɗinku na cikin na farko da suka gwada shi, sai aka daina jiran hunturu. Yau za su iya dafa giyar Maris a Yuli ta fito daidai. Lokacin nata ya koma na kalanda da talla.

In kana neman wadda yanayi ke juyawa har gobe, sai ka leƙa Beljiyam, kwarin kogin Senne kusa da Burasel. Can ake yin wata giya da ake kira lambik. Ba sa zuba yis. Bayan tafasa sai su juye ruwan a wani faffaɗan tire marar zurfi a saman bene, ya kwana a buɗe, ƙwayoyin da ke cikin iska da jikin katako su faɗa ciki. Don haka ba sa dafawa sai da sanyi, wajen Oktoba zuwa Afrilu, don in da zafi munanan ƙwayoyi ne za su riga shiga. Tana da tsami, kuma irin ƙwayoyin da ke kawo tsamin nono ne ke kawo shi. To su ɗin ne ke aiki a randar mahaifiyar Talatu daren da ta bar ruwan ya kwana kafin tafasa ta biyu. Masu yawon ɗanɗana giya suna biyan kuɗi mai tsoka kan wannan tsamin, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon duniya a 2016.

Bitrus: Na ji ta Linde, ban san wannan ba. Amma lambik tana shekara ɗaya zuwa uku a ganga, har su gauraya tsohuwa da sabuwa a kwalba. Burkutu kwana biyu ta zama ruwan tsami. Ta yaya zan ajiye ta kaka in gwada da ta damina in ce ga bambanci? Abin da ba ya ajiyuwa ba ya gwaduwa.

Yohanna: Nan kam ka fi ni hujja. Ana shan ta tana kan tsima, kumfa na tashi, in ka toshe ta a kwalba sai ta fashe. Rashin ajiyar ne ya hana ta yin suna a nesa. Haka pito a arewacin Gana, dolo a Burkina Faso, bilbil a arewacin Kamaru da Chadi. Amma dawar kanta ta shiga kwalba tuni. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya na Najeriya dawa da masara suka koma, kuma gajerar kaura SK5912 ta cibiyar bincike ta Samaru na cikin irin da aka dogara da su. Har abin sha na malt marar bugarwa da Malam zai iya sha ya amfana da wannan.

Baba Ɗanjuma: Yara, na karanta duka. Ni cikin Maguzawa na tashi, kafin mahaifinmu ya shiga coci. Bitrus ɗana, kana neman sunan lokaci a jikin kwalba, mu a jikin aiki yake. Akwai giyar gayya, ba a yin ta da ƙarfi, don mutum ya sha ya koma kan kunya da fartanya. Akwai ta bayan girbi, wadda ba mai taɓa sabuwar dawa sai manya sun fara zuba wa kakanni. Akwai ta biki, akwai ta makoki. Mai dafawa ta san wadda ake nema tun ranar jiƙo. Abin da ya canja shi ne yanzu ana dafa ta don kuɗi kowane mako, kuma ita ce ka sani.

Bitrus: Baba, na karɓi wannan da hannu biyu. Ta kasuwa kaɗai na sha kafin in taho. Amma har yanzu ina kan cewa sun fi mu rubutawa da adanawa. Mai madafa a nan zai nuna maka littafin awon kakansa. Talatu, wa ya rubuta na Inna?

Talatu: Ba kowa. Ta ma daina dafawa shekara biyu ke nan saboda hayaƙi ya taɓa mata ido, kuma cikinmu mu biyar babu wadda ta gaje ta. Zan je gida Disamba. Yohanna, turo mini tambayoyin da ya kamata in yi mata, mudu nawa, kwana nawa, tafasa awa nawa, da yadda take sauyawa in iskar hunturu ta sauko.

Malam Sani: In za ku ci gaba da wannan, ku koma gefe ku biyu don Allah. Amma abin da ta faɗa kan shanyar tsiro da funfunar damina, Talatu, ki kawo mana shi nan. Hajiya Rabi da masu kunu na buƙatarsa, mu ma masu sayar da dawa haka.