Neman shawara: ƙaramin tsohon babur da na saya a Harajin Sawarikh

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum. Na sayi wani ƙaramin babur a Harajin Sawarikh, wato kasuwar gwanjo da ke kudancin Jidda, kuma mai sayarwar ya ce mini Honda Monkey ne, amma ina shakkar hakan. Jikinsa dogo ne, ba shi da tanki a gaban sirdi sai an ɗaga sirdin ake ganin bakin tankin, hannayensa suna naɗewa ƙasa, kuma a jikin tayar an rubuta 4.00-10. Injin a kwance yake, akwai sunan Honda a murfinsa, yana juyawa idan an taka kik amma bai tashi ba. Burina in mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. Ina roƙon masana su faɗa mini wane iri ne, da kuma inda ya kamata in fara.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam, ɗana. Wannan ba Monkey ba ne. Monkey, wato Z50, tayarsa inci 8 ce, injinsa 49cc, tankinsa kuma a fili yake a gaban sirdi. Abin da ka siffanta Dax ne, wanda Honda ta fito da shi a 1969, aka sayar da shi a Japan da Turai da sunan ST50 ko ST70, a Amurka kuma da sunan CT70 ko Trail 70. Jikinsa ba bututu ba ne, faifan ƙarfe ne da aka matse aka haɗa da walda, shi ya sa tanki da batir suke ɓoye a cikinsa.

Sai dai kada sunan da ke murfin inji ya ruɗe ka, domin kamfanonin Sin irin su Jincheng da Skyteam sun yi kwaikwayon wannan babur sosai, kuma murfi abu ne da ake sauyawa da sukurori kaɗan. Ka goge wuyan babur, inda kan yake juyawa, za ka ga lambar jiki. Lambar inji kuma tana ƙasa ta gefen hagu, kusa da abin sa giya. Na asali yana farawa da ST50, ST70 ko CT70 a jiki, a inji kuma ST50E, ST70E ko CT70E. Na shekarun 1970 wutarsa bolt 6 ce, da kontak a bayan maganeto, birkin gaba da na baya duka na ganga ne. Idan ka ga maɓallin tayarwa ko birki mai faifai, to ko dai na Sin ne ko kuma an taɓa shi. Kada ka kashe riyal ɗaya kafin ka karanta lambobin nan.

Abu Khadija (Makka):
Baba ya gama magana a kan gane shi. Ni shawarata ita ce ka sauƙaƙa wa kanka, ka sayi sabon injin Lifan na ƙasar Sin ka ɗora, tunda yawanci yana zama a mazaunin tsohon ba tare da yanka ko walda ba, sannan ka kai jikin Sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci, a kankare a yi masa sabon fenti.

Tsohon Bakanike:
Malam Abu Khadija, a nan kam ban bi ka ba. Mutumin ya ce yadda ya fito daga kamfani yake so, kuma darajar irin wannan babur tana cikin injinsa na asali. Injin nan, in na ST70 ko CT70 ne, 72cc ne, ɗan gidan injin babur ɗin Honda Super Cub ne, kayansa ba su yanke ba har yau, kuma tunda yana juyawa, da wuya a ce ya mutu. A zubar da tsohon baƙin mai a sa na babur, ba na mota ba, domin kuloci a cikin man yake wanka kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi. A daidaita bawul a kan 0.05mm inji yana sanyi, a goge kontak a buɗe shi tsakanin 0.3 da 0.4mm, a sa sabon fulogi NGK C7HSA, sannan a kwance kaburetar Keihin a wanke ƙananan ƙofofinta, domin fetur ɗin da ya daɗe a zafin ƙasar nan yakan daskare ya toshe su. Sukurorin injin na ma'aunin Japan ne, JIS, kuma sukudireba na yau da kullum yana cinye kansu, don haka a nemi wanda ya dace.

Ummu Salma (Madina):
Abin da ya fi damuna shi ne Jidda kanta. Danshi da gishirin Bahar Maliya suna cin ƙarfe daga ciki, kuma jikin Dax rami ne, ga ruwan batir da yakan tsiyaya a ƙarƙashin sirdi. Ka cire tanki da batir ka haska cikin da tocila, musamman wajen da inji yake ratayuwa da inda shokozoban baya suke kamawa. Idan tsatsar ta sama ce, a kankare a shafa maganinta; idan ta huda, sai mai walda da ya iya siririn ƙarfe. Fentin asali kuma, in da sauransa, a wanke a goge a bar shi, domin ja ko shuɗin nan mai sheƙi an yi shi ne a kan shimfiɗar fenti mai ruwan azurfa, kuma masu fenti kaɗan ne suke iya maimaita shi. Sannan ka kiyaye: wilin gida biyu ne da aka ɗaure da notuna, lallai ka sace iskar taya gaba ɗaya kafin ka kwance su.

Ɗan Jidda:
Allah Ya saka muku da alheri. Na duba, jikin ya fara da ST70, injin kuma ST70E, giya uku ne ba kuloci na hannu. Cikin jikin akwai tsatsa a ƙarƙashin batir amma bai huda ba, don haka zan fara da nan kafin in taɓa inji. Baba, tankin yana da tsatsa a ciki, shin in wanke shi ne ko in nemi wani?