"Ba a kashe gawa": muhawarar zauren ma'aikatan lafiya na Jos kan karayar CPR

Nas Ɗan Gangare: Salamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake. Tun jiya wani saƙon murya ke yawo a gari, wai masu wankan gawa sun ga jini ya kwanta a ƙirjin wani dattijo, sun taɓa sun ji haƙarƙari na motsi, shi ke nan an yanke hukunci cewa nas-nas ne suka danne shi har ya cika. Jama'a, CPR, wato danna ƙirji da hura iska don farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, ba shafa mai ba ne. Ƙa'ida ta ce a danna ƙirjin babba ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, dannawa 30 hura iska 2. Ƙashin wane tsoho zai jure wannan na minti 20? Kuma wanda zuciyarsa ta tsaya ai gawa ne. Ba a kashe gawa. CPR bai taɓa kashe kowa ba.

Likitan Gaggawa: Ƙanena, janye kalmar gawa. In gawa ce, me ya hau da kai kanta kana zufa? Ƙwaƙwalwa sai ta yi minti 4 zuwa 6 babu iskar oksijin take fara lalacewa. Mai kwance a gabanka majinyaci ne har sai likita ya duba ya rubuta lokacin rasuwa.

Sista ta Rikkos: Likita, ka bar jaki kana dukan taiki. Zagin da ake mana a gari ya kawo, kai kuma ka kama kalma.

Likitan Binciken Gawa: Sista, kalmar nan ita ce aikinmu gaba ɗaya. Tambayar farko a kan tebur: ƙashin nan ya karye jini na gudu ne, ko bayan ya tsaya? Karayar CPR tana da kamanninta. A gaba take, galibi tsakanin haƙarƙari na 2 da na 7, kusa da inda ƙashi ya haɗu da guringuntsi, a jere, sau da yawa dama da hagu. Ƙashin tsakiyar ƙirji kuma a gicciye yake karyewa, wajen saitin haƙarƙari na 3 ko na 4. Wata ma ba ta rabuwa, fuskar ciki ce kawai ke lanƙwashewa kamar an tanƙwara ɗanyen kara. Hoton ƙashi yakan tsallake irinta, sai an ɓare tantanin cikin ƙirji an bi kowane haƙarƙari da yatsa. Jinin da ke gefenta kaɗan ne. Karayar da duka ya jawo ba ta da tsari, tana iya zama a gefe ko a baya, kuma jini ya jiƙe tsokar wurin sharkaf. Amma a kula, danna mai kyau yana tura jini, don haka ake yin sa. Saboda haka ganin ɗan jini bai isa a ce duka ba ne. In zuciya ta dawo kuwa, wurin zai ci gaba da zubar jini kamar kowane rauni. Gawa ba ta yin haka.

Nas Ɗan Gangare: Oga, ni a Hausar titi na faɗa.

Barista: Hausar titin ce ke kayar da shari'a. A ce an doki mutum, aka kawo shi asibiti, aka danna ƙirjinsa, ya rasu. Lauyan wanda ake tuhuma cewa zai yi duk karayar ta asibiti ce. In foldar majinyaci ba ta nuna wa ya danna, ƙarfe nawa aka fara, minti nawa aka yi, da hannu ne ko da inji ba, alƙali ba shi da abin kamawa.

Malam na Mutuware: Ranku ya daɗe, awaza muke cewa, ba haƙarƙari ba.

Sista ta Rikkos: Malam, awaza ta mahauta ce. Je ka 'Yan Shanu ka saya.

Malam na Mutuware: Kun kwaso Hausar Kano kuna mana iyayi. Faɗa wa tsohuwa a Dilimi awazarta ta karye ki ga ko za ta tambaye ki fassara.

Nas Ɗan Gangare: A nan kam ina bayan Malam.

Likitan Gaggawa: Ku gama da awazar, ni "bai taɓa kashe kowa ba" ce ta tsaya mini. Hannu a rabin ƙasa na ƙashin ƙirji yake zama. In ya zame ya sauka kan ƙahon zuciya, hanta ce a ƙasa, ɓangarenta na hagu yakan tsage. Zuciya ta dawo, kowa ya yi hamdala, bayan sa'o'i awon jini na sauka, ciki na kumbura. In majinyacin yana shan Warfarin, maganin tsinka jini, ko an ba shi allurar narkar da gudan jini, abin ya fi muni. Tsinin ƙashi kan huda huhu, iska ta taru a ƙirji ta matse zuciya. Jini kan cika jakar zuciya ya hana ta buɗewa. A matsa jakar hura wa majinyaci iska da ƙarfi kuma, tumbi ya cika, ya dawo da abinci huhu, wani lokaci ya yage. Ba kullum ake gani ba, amma suna kisa.

Sista ta Rikkos: Ka manta tiyon numfashi da ke ɓata hanya ya shiga hanyar abinci. Wannan dai ba nas ke saka shi ba.

Likitan Gaggawa: Hannun da ke zamewa fa na wa ne? Ƙa'ida a canja mai dannawa duk minti 2.

Sista ta Rikkos: A canja da wa? Nas biyu a ɗaki da dare, likita sai an kira.

Likitar Yara: Don Allah a saurare ni. Jariri daban ne. Ƙashinsa mai laushi ne, ana danna kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, wajen santimita 4. Da wuya ya karye, in ya karye ma a gaba ne. Karaya a baya kusa da ƙashin gadon baya, musamman wadda ta fara haɗewa, ta riga CPR da kwanaki. Wannan sai a binciki gida.

Barista: Kashi nawa cikin ɗari ke karyewa a manya? Ina son adadi.

Nas Ɗan Gangare: Suna da yawa, a rubuce yake. Zan nemo takardar.

Malam na Mutuware: Kafin ka nemo. Masu wanka sukan ga baya ya yi duhu su ce duka ne, alhali jini ne ke gangarawa ƙasa bayan mutuwa, kuma inda jiki ya danne gado fari yake zama. Sannan ku daina zare tiyo da allurai kafin ku turo mana wanda za a bincika.

Likitan Binciken Gawa: Malam ya yi gaskiya. Saka tiyo kan fasa leɓe, ya ɓantare haƙori, ya bar jini a maƙogwaro har ya yi kama da shaƙa. Faifan na'urar girgiza zuciya kan bar shatin ƙuna. In komai na wurinsa, mun san mafarin kowane tabo. Shi dattijon saƙon murya, in an rufe shi ba a buɗe ƙirjin ba, da mai zargi da mai karewa duk hasashe suke.

Hajiya Metiron, shugabar zaure: To 'ya'yana, ya isa haka. Abin da aka cimma: karaya wajen danna ƙirji ba sakaci ba ce, kowa ya yarda. Masu wankan gawa su daina aikin da ba nasu ba. Matsalar tiyo ta likitoci ce, su gyara. Zancen hanta abu ne da ba kasafai ba, Likita ma da bakinsa ya faɗa. Nas-nas a ƙara musu hannu da dare. Ɗan Gangare bai yi laifi ba, zafin rai ne. Kuma haƙarƙari ake cewa.

Likitan Gaggawa: Hajiya, da girmanki, ba a janye kalmar gawa ba har yanzu.

Barista: Ni ma takardata nake jira.