Gulu da tina a ɗakin kwana, madam na da ciki: in kama kontena ko in yi yaya?

Mai Silifas Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni shawara. Ni takalmi nake haɗawa, silifas da sandal na maza, shekara shida kenan. Ba ni da shago, a barandar ɗakinmu nake aiki, da daddare kuma in kwashe komai in shigar ciki saboda ɓarayi, galan ɗin gulu (gam ɗin manna takalmi) da na tina (ruwan tsinka fenti da gulu) da sol ɗin takalmin da na shafa wa gulu, duk a ƙarƙashin gado da bayan ƙofa. Ɗaki ɗaya ne, taga ɗaya. Yanzu madam na da ciki wata huɗu, kullum ta tashi da ciwon kai da jiri, ni na ɗauka laulayi ne, sai da ta je awo nas ɗin ta ji warin a mayafinta ta tambaye ta aikin me mijinki yake yi, ta ce lallai a fitar da kayan daga ɗaki. Na samu kontena, shagon ƙarfe na haya, wajen Asawase nan Kumasi, sidi 300 a wata amma mai shi ya ce na shekara biyu zai karɓa lokaci ɗaya, 7,200 kenan, kuma kuɗin haihuwa da na ragon suna ne a hannuna. In ba da kuɗin, ko akwai dabarar da zan yi in ci gaba a gida har ta sauka? A jikin gwangwanin an rubuta toluene, ban san ko mene ne ba. Kar a ce min in bar sana'a dan Allah, ba ni da wata.

Maman Ikram:
Allah ya raba lafiya, ya sa mace ce mu sha biki.

Ɗan Tafo:
Madara ce maganin, abokina. Ka riƙa sayo gwangwani ɗaya kullum da yamma ku raba kai da ita, tana wanke ƙirji tas. Duk masu fenti haka suke yi.

Sarkin Zolaya:
Wasu na sayen solushan da kuɗinsu su ɓuya bayan kwata su shaƙa, kai kana da na kyauta a ƙarƙashin gado kana kuka. Yaron nan in ya zo duniya ba sai an kai shi koyon aiki ba, da satifiket zai fito.

Baba Sufireya:
Kai mai zolaya Allah ya shirye ka. Ɗana mai takalmi, saurara ka ji. Ni shekara ashirin da biyu na yi ina fesa wa motoci fenti a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota, tun ina yaron shago ina wanke bindigar fenti har na zama masta da yara bakwai a ƙarƙashina. A zamaninmu hankici muke ɗaurawa a hanci, in an tashi cin wake da shinkafa sai a zuba tina a tsumma a goge hannu a ci, hannun ya yi fari fat kamar an shafa toka, ya tsattsage a gaɓoɓi, mu ce ai alamar ma'aikaci ce. Madarar da Ɗan Tafo yake faɗa na sha ta fi katan ɗari. Yau kunnena na hagu sai an ɗaga murya, kofin shayi ma in na riƙa sai ya zube rabi. Amma ba wannan ne ya sa na yi magana ba.

Wata Juma'a na ɗebo ragowar tina a robar ruwan sha, irin ƙaramar nan, zan goge fentin da ya ɗiga a ƙofar ɗakina. Na ajiye ta a gindin gado na tafi masallaci. Tina fari ne kamar ruwa, wa zai bambance. Yarona na uku, shekararsa biyu da rabi, ya ɗauka ya kurɓa. Kafin in dawo matan gida sun taru, wannan ta ɗura masa manja, waccan ta sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai, duk don taimako suka yi wallahi ban riƙe kowa ba. Na same shi yana tari yana numfashi sama sama. Muka kai shi asibitin Komfo Anokye, likita ya ce da ba a sa shi amai ba da da sauƙi, aman ne ya mayar da abin cikin huhu. Kwana huɗu ya yi. Da yana raye yau da ya isa aure. Ni na zuba abin nan a robar da hannuna, ba wanda ya aike ni. Uwarsa har ta rasu ba ta taɓa cewa laifina ne ba, wannan shirun nata ya fi min zagi ciwo.

Maman Ikram:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Allah ya sa mai ceto ne.

Hajiya Nima:
Allah ya jiƙansa ya ba ku haƙuri Baba. Wlh jikina ya yi sanyi, ni ma kananzir a robar lemo nake ajiyewa, yanzu na tashi na ɗora shi saman kabad.

Ɗan Tafo:
Allah ya gafarta masa. Amma fa manja yana aiki, ƙanwata ta sha kananzir tana ƙarama manja aka ba ta ga ta nan da 'ya'ya huɗu.

Nas Fati Ayigya:
Yayana Ɗan Tafo, ƙanwarka Allah ne ya tsare ta, ba manja ba. Duk wanda ya sha tina ko kananzir ko fetur, ba a sa shi amai, ba a ɗura masa komai, a cire kayan da suka jiƙe a ɗauki robar a tafi asibiti da ita. Madara kuma ciki take zuwa, tururin nan huhu yake shiga ya wuce jini, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce.

Mai tambaya, toluene ɗin da ka gani shi ne ruwan da yake narkar da robar gulu don ta shafu, in ka shafa ya bushe to ba ɓacewa ya yi ba, iska ya koma. Yana cikin tina da fenti da fetur. Abu biyu nake so ka riƙe. Tururinsa ya fi iska nauyi kusan sau uku, ƙasa yake kwantawa, wanda ke kwana a katifa a ƙasa ko kusa da ƙarƙashin gadon nan shi ya fi shaƙa. Na biyu, ko a sanyin digiri 4 yana fitar da tururin da zai kama wuta, balle zafin ɗakin kwano a Kumasi, koyil ɗin sauro ko kurfotin gawayi ya isa. Yana taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa jiri da ciwon kai da kasala, in an daɗe ana shaƙa yana lalata ji, musamman inda ake bugun ƙarfe kamar Magazin, yana taɓa ƙoda. Kuma yana ratsa mahaifa ya isa wajen jariri. Matan da suka riƙa shaƙarsa da yawa suna da ciki an ga 'ya'yansu sun zo da ƙarancin nauyi da ƙaramin kai. Ba ina ce maka naka haka zai zo ba, amma nas ɗin da ta ce a fitar da kaya gaskiya ta faɗa.

Alhaji Masta Kobla:
'Yata nas, da girmamawa, ke littafi kika karanta mu kuma gulu muka shaƙa. Shekara talatin da ɗaya ina takalmi, a cikin gida na fara, 'ya'yana tara babu mai ƙaramin kai, biyu ma suna jami'a. Kuna tsorata yaro ya zubar da kuɗin suna a banza. Wari ne kawai, in ka saba ba ka ma jinsa.

Nas Fati Ayigya:
Alhaji ai rashin jin nan shi ne matsalar, hanci ne ya gaji, abin bai daina shiga ba. Allah ya ƙara muku lafiya, amma waɗanda abin ya kayar ba su nan balle su ba da labari.

Alhaji Masta Kobla:
To ni ƙarya nake kenan. Shi kenan, yaran zamani.

Malam Ticha Sawaba:
Alhaji ba wanda ya ce kun yi ƙarya. Gulu ne ba iri ɗaya ba. Wani toluene ne a ciki, wani da hexane, shi kuma jijiyoyin hannu da ƙafa yake ci, mutum ya fara jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafa, daga baya silifas ya zame masa bai sani ba. A Japan a shekarun 1960 masu haɗa sandal a cikin gidajensu ne abin ya kama, iyali guda, daidai irin zaman mai tambayar nan. A Istanbul ta Turkiyya kuma wani likita Muzaffer Aksoy ya gano sankarar jini tana kama masu takalmi saboda benzene da ke cikin gulunsu. Toluene ba benzene ba ne, ba a sa shi cikin masu kawo sankara ba, amma tinan da ake aunawa a kwalba babu takarda wa ya san me aka gauraya. Wani har methanol yake da shi, mai makantarwa in an sha.

Sarkin Zolaya:
Ticha ya kai mu Japan da Turkiyya ba biza. Mu dai Asawase muke son zuwa.

Mai Silifas Aboabo:
Baba Sufireya Allah ya jiƙan yaro, wlh na kasa cin abinci. Na gode jama'a amma har yanzu ba a amsa min ba, in biya kontenan ko a'a? Kuma in na sayi abin rufe hanci na ci gaba a baranda ya isa?

Ɗan Tafo:
Takunkumin korona nawa yake, sidi biyu. Ka sa biyu a haɗe.

Baba Sufireya:
Wannan ƙura yake tarewa, tururi wucewa yake kamar ba komai. Sai takunkumi mai gwangwani biyu a gefe, wanda akwai gawayi a ciki. Ka duba harafin A da layi ruwan ƙasa a jikin gwangwanin. In ka fara jin wari ta cikinsa ya mutu, a canza, in ka cire kuma ka ɗaure shi a leda kar ya yi ta shan iskar shago. Na saya wa yarana a Magazin sidi 180. Amma ɗana, kai za ka sa, ita fa? Da shi za ta kwana?

Abu Kejetia:
180 ina? Baba wannan tsohon farashi ne ko jabu. Satin da ya wuce 450 aka ce min a Adum, gwangwanin canji kaɗai 120.

Hajiya Nima:
Nan Akra ɗan ƙanwata miliyan uku ya saya.

Sarkin Zolaya:
Miliyan uku abin hanci?? Hajiya ai gara ya sayi sabon hanci.

Hajiya Nima:
Kai tafi can, sidi 300 nake nufi. Tun 2007 aka yanke sifili huɗu bakina ya ƙi sabawa.

Abu Kejetia:
Shi ma kontenan 300 a wata sun cuce ka. Abokina a Sawaba 150 yake biya.

Maman Ikram:
150 a wace shekara? Ni 400 nake biya a Aboabo, ko mita babu, daga gidan maƙwabci muke jan wuta. In ka samu na 300 kama shi da hannu biyu kafin gobe wani ya riga ka.

Alhaji Masta Kobla:
Kontena da rana tanda ce. Ka rufe kanka da gulu a cikin ƙarfe mai zafi, nan ne ma za ka sha jirin da nas take faɗa. Ka samu akwatin ƙarfe mai kwaɗo ka ɗaure da sarƙa a baranda, magana ta ƙare, ko 500 ba za ka kashe ba.

Nas Fati Ayigya:
A nan kam ina bayan Alhaji rabi. Fitar da su daga ɗaki yau ɗin nan ya fi komai, a rufe murfi gam, kar rana ta riƙa dukan akwatin. Amma in barandar a bakin tagar take, lokacin shafa gulu duk ciki zai koma.

Alhaji Masta Kobla:
Rabi ma na gode.

Mai Silifas Aboabo:
A bakin tagar take. Kuma mai gidanmu ya hana ajiye komai a tsakar gida, ko bokiti ya gani sai ya yi magana.

Abu Kejetia:
Ai masu gidan nan su ne cutar da ta fi tina. Dokar haya ta 1963 ta ce kar a karɓi adibas sama da wata shida, amma nuna min mutum ɗaya a zongo da ya taɓa biyan wata shida aka ba shi makulli. Ni bara mai gidana ya karɓi na shekara biyu, wata takwas da shiga ya ce ɗansa zai yi aure in fita, kuɗina sai da muka je gaban sarkin unguwa, har yau da saura 900 a hannunsa.

Hajiya Nima:
Ku ma 'yan haya ba ku da dama. Ni ina da ɗaki uku a Mamobi, wanda na tausaya wa na karɓi wata shida shi ne ya shekara bai ba ni ko pesewa ba, ya bar min bashin wuta ya gudu da dare. Kun san nawa buhun siminti yake?

Abu Kejetia:
Hajiya siminti ne ya ce a ƙara haya ana tsakiyar shekara?

Ɗan Tafo:
Ga ejan, dillalin ɗaki, kuma, kuɗin yawo daban, kashi goma daban, ya nuna maka ɗakin da ruwa ke shiga.

Mai Silifas Aboabo:
Mai kontena ya sake bugowa, ya ce zuwa jibi in bai ga kuɗin ta MoMo a wayarsa ba wani mai gyaran waya zai ba. Daren yau dai na kai galan biyun ɗakin wani abokina gwauro, madam ta tafi gidansu a Tafo. Akwai wanda ya taɓa samu mai kontena ya yarda da shekara ɗaya?

Abu Kejetia:
Hajiya ba ki amsa ba, siminti ne?