Ina addu'a kullum, amma zuciyata a bushe take

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Ni tela ne a Garwa, kuma wata bakwai ke nan ina tashi da ƙarfe 4:30 na asuba domin addu'a, kafin zafin gari ya taso. Ina shiga ɗaki in rufe ƙofa kamar yadda Matiyu 6:6 ya koyar, in buɗe Littafi Mai Tsarki, amma da zarar na durƙusa sai hankalina ya koma kan ɗinkin mutane da ke jibge a shago da kuɗin hayar da ake bina. Bakina yana motsi, zuciyata kuwa shiru, wani lokaci ma barci ne yake sace ni a kan tabarma.

Na yi azumin kwana uku kafin Ista. Na haddace Zabura 63. Fastonmu ya ce in mayar da addu'ar zuwa dare, na gwada mako biyu, gajiya ta fi ta asuba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar Lahadi, inda nake ganin zumuntar mata suna waƙa har da hawaye, ni kuwa ina tsaye kamar baƙo.

Ku da kuka taɓa shiga irin wannan fari, me kuka sauya a addu'arku har kuka sake jin kusancin Ubangiji?