Ɗa yana ƙiba, 'ya tana rama, maigida kuma sukari ya fara leƙo shi: ta ina zan fara?

Maman Fahad, Jidda

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana mazauna ƙasar nan. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san zaman Saudiyya ya ba ni, domin na tambayi 'yan uwana na Kano duk bakinsu ɗaya, wai in koma tuwo. Ba ƙin tuwon nake ba, su ne ba su san halin yaran da aka haifa a nan ba.

'Ya'yana uku. Babban shekararsa 11, ƙiba ta taso masa har jallabiyar makaranta ta bara ba ta shigarsa. Mai bi masa shekararta 7, ita kuma siririya ce ga kasala, na kai ta mustausaf, wato ƙaramin asibiti, aka ce jininta ya yi ƙasa, aka rubuta mata maganin ƙarin jini. Auta shekara ɗaya da 'yan watanni. Babansu direba ne, kwanan nan ya yi gwajin sukari irin na wata uku ya fito 6.1. Likita ya ce bai zama ciwon sukari ba tukuna, sai ya kai 6.5, amma yana bakin ƙofa.

Ga yadda cin namu yake. Da safe burodin samuli da cuku na shafawa da shayi mai madara. A makaranta lokacin fusha, wato hutun tara, su sayi biskit da asir, ruwan 'ya'yan itace na kwali. Da rana shinkafa, ko kabsa ko bukhari ko dafa-duka, kusan kullum. Da dare kuwa sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya babansu zai shigo da leda, soyayyar kaza da dankali ko shawarma, da lemon gwangwani, yaran ba sa ko runtsawa sai sun ji motsin mukullinsa. In na yanka salak su tsince kokwamba su bar min sauran. Miyar kuka kuwa, babban cewa yake warin daddawa yana sa masa ciwon kai.

Albashin ba yawa, ga haya ga kuɗin iƙama, takardar izinin zama, saboda haka kada a ce in sayi abincin masu kuɗi. Tukunya biyu zan riƙa ɗorawa ne, ɗaya ta mai ƙiba ɗaya ta mai rama? Ko akwai wata dabara?

Hajiya Kaka, Misfala, Makka

Wa alaikumus salam 'yata. Ki bar tukunya tukuna, ki fara da kofi. Abin da yaran nan suke sha ya fi abin da suke ci ɓarna. Ki daina sayen katan ɗin asir ki ajiye a gida, abin da babu shi a firij ba a kuka a kansa fiye da sati. Ki cika firij da ruwa da laban, wato nono. Zoɓo yana nan birjik wajen attar, masu sayar da kayan yaji, karkade suke ce masa, ki dafa da citta da kanumfari, ki riƙa rage sukarin kaɗan-kaɗan har bakinsu ya saba, kada ki yanke rana ɗaya.

Batun miya, ni jikokina haka suka yi min da kuka. Sai na lura ashe lalo suna shanye shi tas a gidan maƙwabta Larabawa saboda an kira shi mulukiyya. To sai na riƙa yi musu shi da romon kaza da tafarnuwa, in tuƙa tuwo mai laushi in yi ƙananan malmala. Da suka saba da tuwon sai na shigo da kuɓewa ɗanya, daga baya kuka, daddawar ɗan kaɗan, in soya ta da albasa tukuna don warin ya kwanta. Yanzu ƙaramar su ma ita ke tambayata ɗanwake.

Gero kuma kada ki jira mai zuwa Umra ya kawo miki. Ki ce wa mai shago dukun, ana noma shi a Jizan, shi da dawa. Ki kai a niƙa miki, ki yi kunu da safe, ko ki yi fura ki dama da laban. Ful, dafaffen waken Larabawa, ma abincin kirki ne, da adas, ɗan ƙaramin wakensu, matsalar burodin tamis ɗin da ake haɗawa da shi ne, mutum ɗaya ya cinye guda. Ku raba ɗaya ku uku. Kayan ganye mu a nan kasuwar Ka'akiyya muke zuwa da sassafe mu haɗa kuɗi da maƙwabta mu sayi katan mu raba. Ku ma kuna da halaga, kasuwar sarin kayan ganye, a Jidda, ya fi baƙala, shagon unguwa, sauƙi nesa ba kusa ba.

Maganar leda, ki sami maigidan ku biyu a ɗaki, ba a gaban yara ba. Namiji yana ganin ledar nan ita ce soyayyarsa ga 'ya'yansa bayan ya wuni a mota, in kika kushe ta a gabansu kin taɓa shi.

Baban Sadiya, Madina

Hajiya ta faɗi gaskiya, ni dai zan ƙara da lissafi tunda a kantin magani nake aiki. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin wuni, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi, wato kamar giram 25 ke nan ga babba, ƙaramin cokali shida. Kin ga gwangwani ɗaya ya zarce, ba a ma zo kan shayi ba. Shi ya sa gwamnatin nan ta ɗora wa lemo mai gas harajin kashi 50 a 2017, abin shan ƙara kuzari kashi 100, a ƙarshen 2019 kuma ta haɗa da sauran abin sha mai zaƙi. Asir na kwali ki juya bayansa ki karanta, in an rubuta sharab ko naktar yawanci akwai sukarin da aka ƙara. Ko wanda babu ƙari ma, gara yaro ya ci lemon zaƙi da ɓawonsa na ciki ya ƙoshi. Tun 2019 gidajen abinci dole su rubuta yawan kalori a jikin jerin abincinsu, ki nuna wa maigida ya gani da idonsa.

Shi 6.1 ɗin nan ana iya juya shi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002, ya nuna masu irin wannan matakin da suka rage kusan kashi 7 na nauyinsu, suka kuma riƙa motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Mai kilo 90 kenan ya sauke kilo 6. Tafiya bayan isha'i a mamsha, hanyar masu tattaki, ko bakin teku ta isa, su tafi tare da yaron.

Ita mai ƙarancin jini, shayin nan na safe yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, madara ma haka. Maganin kada ki ba ta shi tare da ɗayansu, ki ba ta da ruwa ko ɗan lemon zaƙi, ki bar tazarar awa biyu. Hanta sau ɗaya a sati, nama, adas da wake, ki matsa lemon tsami a kai. Amma 'yar uwa ki koma ki tambayi likitan ko an auna ma'ajiyar ƙarfen jikinta, da kuma ko an yi mata gwajin sikila. Mu mutanenmu akwai sikila, kuma ba kowane ƙarancin jini ne na abinci ba. Ki nemi a duba bitamin D ma, yaran da ke wuni a ɗaki da na'urar sanyi suna yawan rasa shi duk da ranar ƙasar nan.

Auta kuwa kada ta ɗanɗani lemo ko shayi mai sukari kafin ta cika shekara biyu.

Ummu Hanan, Riyad

Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Ni ban yarda duk abin da aka kira abincin gida lafiyayye ba ne. Tuwon shinkafa da na semo ai ɗan'uwan kabsa ne a wajen mai sukari. Miyarmu kuma a zuba ludayin mai, a marmasa dunƙule huɗu, a ƙara gishiri, alhali giram 5 ne iyakar gishirin babba a wuni, ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba. Furar da aka dama da sukari cokali uku me ta fi lemo da shi? Dabino ma, albarka ne, amma maigidanki ya tsaya a biyu ko uku, ba ya ajiye kwali a mota yana ci yana kora gahawa ba.

Tukunya ɗaya ta isa, a wajen zubawa ake bambantawa. Rabin faranti ganye ko miyar ganye, kwata nama ko wake ko ƙwai, kwata shinkafa. Ita siririyar ki ƙara mata da kunun gyaɗa da la'asar. Shi kuma yaron kada kowa ya ce masa rijim, wato rage ƙiba, yake yi, kada a kira shi da ƙato ko da wasa. Yana kan girma, in nauyin ya tsaya tsawo ya ƙaru shi ke nan.

Abin da ya gyara gidana shi ne lokaci. Muna sallame magariba nake ajiye abincin dare, ƙarfe tara kowa ya kwanta. Cin waje daren Alhamis kawai. Sauran ranaku in sun yi kwaɗayin kaza, in shafa mata yajin ƙuli in gasa a oba, kamar siriyar da 'yan Makka suke rububi, wadda tsirenmu ne dai.

Maman Fahad, Jidda

Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci. Hajiya na yi yadda kika ce, na same shi shi kaɗai, na nuna masa lissafin Baban Sadiya. Ya yi shiru, sai ya ce to in ya shigo hannu rabbana me zai ba su? Muka daidaita a kan ya riƙa shigowa da ayaba ko kankana su tarar da safe, leda kuma sai Alhamis. Lalon ya karɓu wajen 'yan matan, babban dai ya ci kazar ya lashi miyar, tuwon ya ture. Gwajin yarinyar an ba mu rana sati mai zuwa.

Inda na maƙale shi ne fusha. Na ɗaura masa burodin burr, na alkama mai dusa, da ƙwai da kokwamba, ya dawo da shi yadda yake, wai abokansa za su yi masa dariya.

Ummu Hanan, Riyad

Kada ki hana shi kuɗin gaba ɗaya, zai ci na abokai ne. Ki tabbatar ya karya da kyau a gida, ƙwai ko ful, ki ba shi kuɗin da zai isa sanwici da ruwa ko laban kaɗai. Abin da za ki ɗaura masa kuma ki naɗe shi a burodin shawarma, ki sa kaza da ɗan zabadi, wato kindirmo, da tafarnuwa, ki nannaɗe da takarda irin ta shago. Nawa har sayar wa abokansa rabi yake yi.